Mitar ƙarfi ta keke da injin atisaye sun saɓa: wanne za a gaskata?

Tambaya: Na sayi mitar auna ƙarfi wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, irin wadda ke manne a ƙarfen fedar hagu. Ina kuma da injin atisaye na cikin ɗaki, wanda ake cire tayar baya a ɗora keken a kansa. Na kunna su tare na yi minti 20 da iya ƙarfina, mitar ta ba ni wat 255, injin ya ba ni 238. Kowane kamfani ya rubuta cewa kuskuren kayansa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Wanne ke yi mini ƙarya, kuma da wanne zan riƙa atisaye?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar kai kuɗinka kasuwa, don mai yiwuwa ne babu wanda ya lalace a cikinsu. Wat 17 a kan 250 ya kusa kashi 7 cikin 100, kuma gibi ne da za ka ji shi a cinyarka idan ka ɗauki lambar wannan ka yi aiki da ita a kan wancan. Amma na'urori biyu masu lafiya suna iya ba da irin wannan tazara, alhali kowace ba ta karya alƙawarin kamfaninta ba.

Wat shi ne ma'aunin ƙarfin aikin da kake bayarwa a feda, kuma mitar ba ganinsa take yi ba, lissafo shi take yi. A jikin ƙarfen da fedar ke ɗaure a kansa an manna wasu 'yan siraran wayoyi. Idan ka taka, ƙarfen yakan ɗan lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani, wayoyin su miƙe tare da shi, sai yadda wuta ke ratsa su ya ɗan sauya. Daga wannan sauyi na'urar ke gano ƙarfin murɗawar da ka yi, ta ninka shi da saurin juyawar feda, abin da ya fito shi ne wat. Wanda ke ba da wat 250 yana juya feda sau 90 a minti, matsakaicin murɗawarsa kusan niyuton-mita (ma'aunin ƙarfin murɗawa) 26.5 ne, daidai da nauyin kilo 15 da ɗoriya a bakin ƙarfen feda mai tsawon milimita 172.5. Injiniyan Jamus Ulrich Schoberer ne ya fito da wannan dabara a kan keken tsere lokacin da ya kafa kamfanin SRM a 1986, kuma har yau mitocin kamfanoni irin su Quarq da Stages da 4iiii da Favero da Garmin duk a kanta suke. Abin da ya raba su shi ne wurin da kowa ya zaɓa ya manna wayoyin: wani a cikin feda, wani a ƙarfen feda, wani a gindin farantin kaca, PowerTap kuma ya yi suna da sa nasa a cibiyar tayar baya.

Daga nan bambancinka ya fara. Mitarka tana aunawa kafin ƙarfin ya shiga kaca, injin kuma sai bayan ya fita daga kaca yake ganinsa. Kaca tana cin nata rabon. Mai tsabta da aka sa wa mai takan cinye kashi 2 zuwa 3, wadda ƙurar hunturu ta cakuɗa da tsohon mai ta yi baƙi ƙirin kuwa ta fi haka ci. Na biyu, mitarka ƙafar hagu kawai ta sani. Abin da hagu ta bayar take ninkawa biyu, bisa zaton ƙafafunka raba aikin suke yi daidai wa daida, kuma da wuya ka samu mutumin da haka yake. Mu ɗauka ainihin abin da ka bayar wat 248 ne, hagu ta ɗauki kashi 51, dama 49. Hagu ta ba da 126.5, an ninka ya zama 253, mitar ta ƙara kashi 1 na kuskuren da aka yarda da shi, ga 255. A ɗaya ɓangaren, kaca ta cinye kashi 3 saura 240 da rabi, injin ya rage kashi 1 nasa, ga 238. Lambobinka ke nan cif, kuma babu abin da ya karye. Ban ce lallai haka abin ya kasu a kekenka ba, gwaji ne zai nuna, zan kuma zo kansa.

Tambayar “wanne ke ƙarya” tambaya biyu ce aka haɗa. Akwai ko lambar da na'ura ta bayar ita ce ainihin ƙarfin, akwai kuma ko tana tsayawa kan magana ɗaya, wato aiki iri ɗaya ya ba da lamba iri ɗaya yau da gobe da bayan wata 3. Sikelin da kullum yake ƙara maka kilo 2 ba mai gaskiya ba ne, amma zai nuna maka sarai ko ramewa kake yi ko ƙiba. Wanda yau zai ƙara 1 gobe ya rage 2 ba shi da amfani, ko da idan an tara awonsa na shekara an raba ya fito daidai.

A wajen atisaye tsayawa kan magana ɗaya ne gaba, saboda duk matakan da kake aiki da su daga lambarka aka ciro su. Tsarin da Andrew Coggan da Hunter Allen suka yaɗa, wanda yawancin masu horarwa ke bi, shi ne ka yi minti 20 da iya ƙarfinka, ka ɗauki kashi 95 na abin da ka samu, shi ne abin da ake kira FTP, ƙiyasin ƙarfin da za ka iya riƙewa na kusan awa guda. Tafiyar gina juriya tana tsakanin kashi 56 da 75 na wannan lamba, aikin bakin iyaka tsakanin 91 da 105, mai tsinka numfashi kuma 106 zuwa 120. Idan mitarka kullum tana ƙara kashi 3, to FTP ɗinka ya hau da kashi 3, matakan duka sun hau da kashi 3, kuskuren ya cinye kansa, jikinka yana yin aikin da ya dace. Matsala tana zuwa ranar da ka gauraya. A mitarka FTP ɗinka 242 ne, a injin 226. Ka sa wa injin 242 ka ce zai riƙe ka a bakin iyaka na minti 20 sau 2, alhali a ma'auninsa kashi 107 ya ɗora maka, wato matakin da ake yi minti 3 zuwa 8 a huta. Za ka sare a tsakiya, ka sauka kana zargin kanka da rashin ƙoƙari, ko ka fara tunanin wata cuta ce ke cin ka.

Game da abin da aka rubuta a kwali kuwa, kamfani ne ke gwada kayansa da kansa, a ɗakin gwaji, da sabuwar na'urar da aka ɗaura yadda ya kamata. Abin da ke kan kekunan mutane daban ne. A 2017 masu bincike a cibiyar wasanni ta tarayyar Suwizalan da ke Magglingen, ƙarƙashin Thomas Maier, sun gwada mitoci 54 na kamfanoni 9, waɗanda 'yan keke ke amfani da su yau da kullum. Sun sa ana tuƙi a kan bel mai gudu da aka karkata kamar tudu, inda lissafi kaɗai ya isa ya faɗi ƙarfin da ake buƙata. Idan aka haɗa su duka, kuskuren bai kai kashi 1 ba, amma ɗaiɗaikunsu sun warwatsu da kusan kashi 3 sama ko ƙasa, kuma guda 6 sun kauce da fiye da kashi 5. Wajen maimaita awo kuwa, matsakaicin kai-komonsu kashi 1.2 ne kacal. Ka ga ke nan yawancin mitoci sun fi iya riƙe maganarsu a kan faɗin ainihin gaskiya, kuma idan kai da abokinka kun hau tudu ɗaya kafaɗa da kafaɗa ya ce maka ya fi ka da wat 10, kada ka hana kanka barci.

Sai dai ina da ja da masu cewa “in dai tana maimaitawa shi ke nan”, domin maimaitawar ba kyauta take zuwa ba, sai ka kula da ita. Kuskuren mita iri biyu ne, kuma wanda ya fi addabar mutane shi ne na sifili. Wayoyin nan ko ba a taka ba suna ba da wata lamba, na'urar tana riƙe da ita a matsayin “babu nauyi”, duk abin da ya hau kanta shi ne aikinka. Idan wannan sifili ya goce, kowane awo ya goce. Gocewar niyuton-mita 1 tak, a juyi 90 a minti, wat 9.4 ne. Lura da yadda yake cizo: a tseren ƙarshe na wat 600 bai kai kashi 2 ba, ba za ka ma sani ba, amma a tafiyar juriya ta wat 150 ya haura kashi 6. Kuma yana ƙaruwa idan ka ƙara saurin juya feda, yana raguwa idan ka sa giya mai nauyi.

Babban mai gotar da sifili shi ne zafi da sanyi. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, wayoyin kuma ba su san bambancin wannan da takun ƙafarka ba. Wani bincike da aka yi a cibiyar wasanni ta Ostareliya a 2004 a kan SRM da PowerTap na wancan zamani ya nuna cewa sauyin yanayi tsakanin digiri 8 da 21 yana iya jawo kuskuren da ya haura kashi 5. Mitocin yanzu suna da ma'aunin zafi a ciki suna gyara kansu, wasu kuma suna sake saita sifili duk lokacin da ka daina taka feda a gangara, don haka abin ya ragu sosai. Duk da haka wanda ya fito da keke daga ɗaki mai iyakwandishan ya shiga ranar watan Afrilu, ko ya fita da asubar hunturu ya kai hantsi a hanya, ya ba na'urar sauyin da ya kai wancan ko ya fi. Abin yi ba wuya: ka yi tafiyar minti 10 zuwa 15 ƙarfen ya saba da iskar waje, ka tsaya, ka cire ƙafafunka gaba ɗaya daga feda, ka ajiye ƙarfen yadda littafin na'urar ya ce (yawancin na hagu a tsaye ake so, fedar tana ƙasa), ka danna saitin sifili a kwamfutar keken. Ba ya cin daƙiƙa 20. Lambar da ta fito ka riƙa dubanta, ka san inda ta saba tsayawa. Ɗan motsi ba komai ba ne. Ranar da ta yi tsalle mai nisa babu dalili, ko ta riƙa hawa mako bayan mako, to akwai magana: ruwa ya shiga, batir ya yi rauni, ko abin da aka manna ya fara saki. Mitar da aka saya ta hannu ta fi buƙatar wannan sa ido, tunda ba ka san faɗuwa nawa ta sha a hannun mai ita na farko ba.

Injin ma yana da nasa. Bel ɗinsa da ƙarafunansa suna ɗumama, awon minti 5 na farko yakan bambanta da na bayan minti 15. Yawancinsu suna da gwajin da za ka kai wani gudu ka saki feda, injin ya auna tsawon lokacin da zai tsaya. Bayan ya ɗumama ake yinsa. Injin Tacx Neo na cikin waɗanda aka ƙera ba sa buƙatar wannan. Irin waɗanda taya ke gogar ƙarfe kuwa, iskar taya kaɗai ta isa ta canza lambar, ban cika ɗaukar awonsu da muhimmanci ba.

Kuskure na biyu shi ne na ninki, wato lambar da na'ura ke amfani da ita ta mai da lanƙwasar ƙarfe zuwa ƙarfin murɗawa. Daga masana'anta ake sa ta, ba ta cika motsi ba, kuma idan ta kauce kashi iri ɗaya take ƙarawa ko ragewa a kowane mataki. Saitin sifili ba ya taɓa ta ko kaɗan, ko da kwamfutar ta rubuta maka cewa an daidaita. Ana gwada ta da nauyi: a daidaita ƙarfen feda a kwance, a riƙe taya, a rataya nauyin da aka sani a sandar feda, a duba murɗawar da na'urar ta nuna, idan manhajarta tana nunawa. Kilo 20 a kan ƙarfe mai milimita 172.5 ya kamata ya ba da niyuton-mita 33.8, wato 20 sau 9.81 sau 0.1725. Tarkon da ke ciki shi ne nauyin kansa. Ƙarfen ɗaga nauyi da aka rubuta 20 a jikinsa yana iya zama 19.5, ka ga ka shigo da kuskuren kashi 2.5 da hannunka kana neman na kashi 1.

Masu mita a cikin feda suna da ƙarin abu biyu. Dole a gaya wa kwamfuta tsawon ƙarfen feda, kuma yana rubuce a bayansa kusa da ramin fedar. Wanda nasa 170 ne ya bar saiti a 175 ya ƙara wa kansa kusan kashi 3 na banza, kuma sau da yawa sabuwar kwamfuta ko sabunta manhaja ke mai da saitin baya ba a sani ba. Sai ɗauri: fedar da ba a ɗaure da ƙarfin da kamfani ya ce ba takan ba da awo maras kyau, kuma bayan an mayar da ita wani keke sai an ɗan taka da ƙarfi ta zauna kafin a sake saita sifili. Farantin kaca mai siffar ƙwai, irin wanda Bradley Wiggins da Chris Froome suka ci gasar tseren keke ta Tour de France da shi, yana sa mitoci da yawa su ƙara lamba, saboda suna zaton feda da gudu ɗaya take kewayawa, shi kuma farantin yana sa ta sauri a wani wuri ta rage a wani.

Komawa kan taka ta gefe ɗaya, abin da ya fi damuna da ita shi ne rabon aiki tsakanin ƙafafu ba ya zama wuri guda. Da a ce kullum 51 da 49 ne, da kuskure ne mai magana ɗaya, mu manta da shi. Amma mutane da yawa rabonsu yana sauyawa: a tafiya mai sauƙi ƙafa ɗaya ta fi aiki, idan wuta ta yi wuta su daidaita, gajiya ta zo a awa ta 3 abin ya sake juyawa, tsohon ciwon gwiwa ko sauya tsayin sirdi ma su taɓa shi. Kowane kashi 1 da ya matsa, mitar ninka shi take yi ya zama 2. Wannan bai hana a yi aiki da ita ba. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan tseren keke ta Team Sky ta koma amfani da Stages a 2014, lokacin da kamfanin na hagu kaɗai yake sayarwa. Abin da ya rage shi ne ka san halin ƙafafunka.

Ga gwajin da zan so ka yi, tunda kana da na'urori biyu a hannu. Ka wanke kaca ka sa mata mai. Ka ɗumama minti 15, ka saita sifilin mita, ka yi wa injin nasa gwajin. Ka sa kwamfutar keke ta ɗauki mita, waya ta ɗauki injin, dukansu suna rubuta kowace daƙiƙa. Sai ka yi minti 5 a wat 150, minti 5 a 200, haka a 250, sannan minti 2 ko 3 a 300, kana riƙe da saurin feda ɗaya da giya ɗaya. Ka kwatanta matsakaicin kowane yanki. Idan tazarar wat iri ɗaya ce daga ƙasa har sama, misali 15 a ko'ina, matsalar sifili ce a ɗayansu. Idan kashi iri ɗaya ne, wat 10 a 150 ya zama 20 a 300, to ninki ne ko rabon ƙafa da bai motsi, ka zauna lafiya da shi. Idan kuwa ba ta da tsari, ko ka sake gwajin bayan mako guda a gajiye ka ga ta canza, ƙafafunka ne ko na'ura mai ciwo. A nan ne za ka ari feda mai auna gefe biyu wurin wani ka ɗaura, ta raba gardama. Kada ka kwatanta lambar da ke tsalle a fuskar kwamfuta daƙiƙa bayan daƙiƙa, ko ta tseren daƙiƙa 5, nan ne na'urori suka fi saɓawa. Ka kuma duba cewa dukansu suna ƙirga lokacin da ba ka taka feda a matsayin sifili, don wanda ya cire shi matsakaicinsa kullum sama yake.

A waje kuma tudu ne shaidarka. Ka samu mai tsayi da tsauri wanda iska ba ta cika dukansa ba. Kai da keke da gorar ruwa kilo 80, kun hau tsayin mita 100 a minti 6: ɗaga wannan nauyi kaɗai wat 218 ne, gogar taya da iska da kaca su ƙara nasu a kai. Idan wata rana mitar ta ce 215 ka yi a wannan lokaci, ta rage. Idan lokacinka da nauyinka ba su canza ba amma lambar ta tashi da wat 20 tsakanin wata da wata, na'urar ce ta motsa, ƙarfinka yana inda yake.

Jikinka ma ba ya ba da abu ɗaya kullum. Barci, ƙarancin ruwa, zazzaɓin da bai gama saki ba, ɗaki mai zafi babu fanka, kowanne yana cin wat fiye da kuskuren mita mai kyau. Saboda haka tashi daga 250 zuwa 253 ba labari ba ne, ba na canza wa kowa matakan atisaye a kansa. Daga 250 zuwa 265, a na'ura ɗaya, a hanya ɗaya, aka kuma sake ganinsa a gwaji na gaba, wannan ci gaba ne.

Ainihin gaskiyar lamba tana da ranarta. Idan za ka aika wa ƙungiya lambobinka su kwatanta ka da wasu, ko kana tsere a Zwift, manhajar tseren keke ta intanet, inda wat ɗinka a kan kowane kilo ke tuƙa ka, kashi 5 shi ne tsakanin na gaba da na baya. Shi ya sa a manyan gasannin intanet ake neman ɗan wasa ya ɗauki awo da na'urori biyu a lokaci guda, kuma a gasar duniya ta farko da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya a Zwift a 2020, injin iri ɗaya aka ba kowa.

A halin da kake ciki, mitar ƙarfen feda za ka riƙe a matsayin uwa, don ita ce ke bin ka titi ta kuma bi ka ɗaki. A manhajar atisaye ka zaɓe ta a matsayin mai ba da lambar ƙarfi, injin kuma aikinsa ya tsaya ga ƙara nauyi da ragewa. FTP ɗinka 242 ne a ko'ina, ka goge 226. Idan gwajin can ya nuna tazarar tana yawo, sannan ka tara kuɗin feda mai auna gefe biyu, wadda kuma za ta bi ka duk keken da ka koma. Ranar da ta zo kada ka cire tsohuwar nan take. Ka yi mako 2 da su tare, ka rubuta tazararsu a matakai daban-daban, sannan ka sake gwajin minti 20 da sabuwar ka ciro matakanka daga abin da ta bayar.